Rasuwar Tafi-ki-dawo, Rokar Gidan Alidu Maƙeri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta hana mai ita zama wuri ɗaya, Alassani mai walda na zangon Sokodé yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da suka sha gyaran rufin kwano saboda ita, rasuwar rokarsa Tafi-ki-dawo. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a wani fili da ke bayan garin Dapaong kan hanyar Nano, bayan ta daɗe tana fama da ciwon nauyi.

An haifi marigayiyar a garejin marigayi Alidu Maƙeri, a hannun 'ya'yansa biyu, Alassani da ƙaninsa Fayçal. A waya suka fara ganin manyan rokokin ƙasashen waje, waɗanda ake harbawa sama su juyo su sauka a tsaye, a sake cika su a sake harbawa. Wasu kuma su tarwatse a sararin sama, waɗanda suka ƙera su suna ta tafi. Tun daga ranar Alassani bai sake cin tuwo a zaune ba. Cewa ya yi, in dai batun a yi amfani da abu a sake amfani da shi ne, ai sana'ar gidansu ke nan tun kaka da kakanni, ba wani ne zai koya musu ba.

Cikinta tsohon tulun gas ne, jikinta fatar duro, ƙafafunta kuma daga baburan haya da suka gaji aka ciro su. Tsayinta ya fi ƙofar gareji, shi ya sa kullum a kwance ake fito da ita. Mai ƙana'a ce a wajen ci: ba ta shan fetur, ba ta shan kananzir, ruwan rijiya ne abincinta, sai iskar da Mudathir mai gyaran taya yake ɗura mata da injinsa. Laimar saukarta Safara'u matar Alassani ce ta haɗa daga yagaggun laimomin kasuwa, kuma ta ɗinka ta da kyau, laifinta ɗaya shi ne ba ta buɗewa.

Duk wanda ya san marigayiyar zai shaide ta da cika alkawari. An raɗa mata suna don ta je ta dawo, kuma ba ta taɓa ƙin dawowa ba, sai dai ba lallai ne ta dawo inda ake jiranta ba. Ba ta taɓa taɓa lafiyar ɗan'adam ba. Ba ta da yawan magana: in ana ɗura mata iska sai ta ce fssss, in za ta tashi ta ce fuuu, in ta dawo kuma unguwa duka ta ji kwaram.

Tashinta na farko, a filin da ke hanyar Tchamba, har yau ana labarinsa. Ta wuce kan mangwaro, ta wuce tsayin hasumiyar masallaci, ta ƙanƙance kamar shirwa. Wa da ƙani suka rungume juna, abin da ba su yi ba ko ranar da aka binne mahaifinsu. Sannan ta faɗo ta tsage a kwiɓi. Da yammacin ranar suka yanko ƙarfe daga tsohon ƙyauren maƙerar Alidu, da sauran koren fenti a jikinsa, Fayçal ya riƙe, Alassani ya liƙa. Wannan shi ne facinta na farko.

Daga nan ciwon ya kama ta, kuma son da ake mata ne ya jawo shi. A garejin Alidu ba a yar da ƙarfe. In bokiti ya huje a yi masa faci, in facin ya huje a ɗora wani, in an ga alamar rauni a ƙara sandar ƙarfe ta baya don kada a dawo da shi. Da wannan gidan ya yi suna, matan zango na kawo tukwanen da babu ko tafin hannu na asalinsu da ya rage. Haka Alassani ya yi jinyar rokarsa. Duk faɗuwa faci, duk faci ƙarin tokara. Ta daina kai hasumiya ta koma kan mangwaro, daga kan mangwaro ta koma rufin ɗaki. Shi kuwa sai ya riƙa zagaya ta yana goge hannu da tsumma, yana gaya wa jama'a cewa saukarta na ƙara kyau. Bai yi ƙarya ba, ai wanda bai hau da nisa ba ba ya faɗowa da ƙarfi.

Fayçal ya yi haƙuri har ya gaji. Wata rana ya ajiye guduma ya ce, "Yaya, wannan fa ba bokiti ba ce. Ka bar ni in yanke facin nan, mu yi mata sabon jiki marar nauyi."

Alassani ya ce mutanen can da suke fasa nasu suna tafi ba su san zafin ƙarfe ba ne. Da ya tsaya nan da an wuce wurin. Amma ya ƙara da cewa duk wanda facin gidan ubansa ya dama, ƙofa a buɗe take. Fayçal ya ɗauki injinsa na yankan ƙarfe ya shiga motar Dapaong, ya buɗe nasa garejin a can. Tun daga nan gaisuwarsu sai ta wayar Safara'u.

Alassani ya yi nadama tun kafin motar ta fita gari, kuma ya yi kewar ƙaninsa ƙwarai. Sai dai shi mutum ne da bakinsa bai iya ba da haƙuri ba, hannunsa ne kawai ya iya. Ya ƙudurta cewa in Tafi-ki-dawo ta tashi a gaban Fayçal ta sauka kan ƙafafunta, yaron zai dawo gida ba sai wani ya ce wa wani komai ba. Don kada ta ba shi kunya, sai ya ƙara mata ƙarfe.

A kamiyon Nourou, babbar motar da ke dakon doya zuwa arewa, ta yi tafiyarta ta ƙarshe. Wadda a da wa da ƙani suke ɗauka a kafaɗa, ranar sai da aka tara majiya ƙarfin tasha kafin ta hau, kuma a hawan dutsen Alédjo direba ya yi ta tambaya ko siminti aka zuba mata. A Dapaong Fayçal ya zo filin. Ya durƙusa ya gaida wansa gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙo, sannan ya koma gefe ya goya hannu a baya. Masu zuwa cin kasuwar Nano suka tsayar da baburansu suna kallo.

Aka ba ta ruwa, aka ɗura mata iska. Ta ce fssss, ta daɗe tana faɗa. Ta yi wani nishi da ba a taɓa ji daga gare ta ba, ta ɗago har zuwa ƙirjin mutum, ta watsa wa kowa ruwa, sannan ta zauna. Ƙafafunta suka baje, cikinta ya yage. A nan ne laimar Safara'u ta buɗe, karo na farko a rayuwarta, ta sauko a hankali ta lulluɓe ta. 'Yan kallo suka yi dariya har da riƙe ciki. Fayçal bai yi ba, kuma Alassani ya ce da ya yi da ya fi masa sauƙi.

Ta rasu ta bar mai ita, wanda har yanzu bai zauna ba. Ta bar Safara'u, wadda ta ce ko ba komai an ga ɗinkinta. Ta bar injin Mudathir da tari, da reshen mangwaro guda da bai sake tsirowa ba, da awakin hanyar Tchamba waɗanda ko tayar keke ta sace sai su watse. Ta kuma bar ɗan'uwa a Dapaong.

Gawar ba ta dawo tare da mai ita ba. Alassani ya ce babu wuri a mota, alhali kowa ya ga kamiyon Nourou wayam ya juyo. A ƙofar garejin Fayçal ya sa aka sauke ta, don ya san gawa ba ta tafiya sai da ɗan'uwa a gefenta. Tun da ya dawo ya kasa riƙe walda. Daga gareji sai tasha, daga tasha sai gareji, duk motar da ta fito daga arewa sai ya leƙa ta tagarta.

Jiya Nourou ya iso da buhu ɗaya tak, mutum biyu na jansa a ƙasa. Ya ce, "Maigida, rokarka ba ta zo ba. Ƙaninka ya ce ka binne wannan tukuna. Sauran, shi da kansa zai kawo."

Faci ne cike da buhun, an yanke su ɗaya bayan ɗaya, yanka mai tsabta irin na hannun Fayçal.

Saboda haka za a yi jana'izar abin da ya samu isowa ranar Juma'a bayan la'asar, a garejin marigayi Alidu Maƙeri. Babu salla, tunda ƙarfe ne. Ba kuma za a haƙa rami ba, don mai makokin ya ce ko kusa ba za a sa ƙarfe a ƙasa yana raye ba. Za a buge ƙarafan a yi murhun gawayi da su, a raba wa maƙwabtan da rufinsu ya lotsa. Akwai koko da masa. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya zo da ko guntun ƙusa a aljihu, don kada zuciyar mai makoki ta raya masa wani abu. Wanda ya zo bai same shi a gida ba, ya duba tasha, ɓangaren motocin Dapaong.

Ana kuma sanar da cewa faci ɗaya ba ya cikin waɗanda za a yi wa sutura. Alassani ya zazzage buhun a tsakar gareji, ya durƙusa yana juya su, don ya san kowanne da ranar faɗuwarsa. Ya nema ya sake nema, bai ga mai koren fenti ba, wanda suka yanko daga ƙyauren mahaifinsu. Wannan Fayçal ya bar mata shi.