Yadda Buhun Gishiri Ya Mai Da Ni Waliyyi

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na yi waliyyantaka ta kwana takwas. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Jimeta tana 'yar ƙaramarta, jiragen ruwa suna hawo Binuwai suna busa, mu bar abin da muke yi mu ruga kallo. Ni kuwa akawu ne a wani sito a bakin kogi, da gajeren wandon kaki da doguwar safa da fensir a kunne (ban cika rubutu da shi ba, kwarjini yake ƙara mini).

Ina neman auren Dija, 'yar wani dattijo a Dubeli da kowa ke kira Bappa. Aka sa ranar kai kayan gaisuwa, kuma ba a zuwa gidan surukai ba goro da gishiri. Goro kam na saya. Gishiri kuwa ga shi jibge a sitonmu har rufi, sai zuciya ta ce mini wa zai lura da buhu ɗaya? Ashe mai gadi yana lura. Ran Lahadi aka kai kaya, ran Talata ina durƙushe gaban alƙali, aiki ya tafi.

Alƙalin wani tsoho ne daga cikin Yola, Allah ya jiƙansa. Ya daɗe yana kallon safata, sannan ya ce, "In na tura ka gidan yari, ɓarawon buhu za ka shiga, ɓarawon jirgi za ka fito. Ka biya mutane gishirinsu. Sannan kwana goma sha biyar kana cika randunan masallaci daga kogi, ɗan doka yana dubawa." Har ya bar ni na zaɓi masallacin. Na zaɓi wani ƙarami can Nassarawo inda ba wanda ya san ni, don in labari ya kai kunnen Bappa, ni da Dija sai dai a lahira.

Garwa biyu a sanda, daga kogi zuwa masallaci. Kafaɗata ta sale tun ranar farko. Ɗan dokan da sassafe yake zuwa, ya leƙa randuna ya wuce, ba wanda ya kula da shi. Rana ta uku liman ya tare ni ya ce, "Samari, wa ya sa ka wannan aiki?" Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na sunkuyar da kai, na tausasa murya na ce, "Ai don Allah ne, Malam."

Shi ke nan, gari ya ɗauka. Aka fara kirana Modibbo, wato babban malami da Fulatanci. Wata Goggo ta riƙa kawo mini ƙwaryar kindirmo kullum. Na sayi carbi mai manyan 'ya'ya. Wata ma ta kawo ruwa a kofi in tofa mata don ciwon kai (na tofa, Allah ya yafe mini). Wallahi har ni kaina na fara yarda.

Rana ta goma sha ɗaya, an idar da la'asar, sai na hango Bappa cikin sahu, wai ya zo gai da liman. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Liman ya dafa kaina ya ce, "Ga yaron da nake ba ka labari. Irin wannan, ko 'yarka ka ba shi ba ka yi asara ba." Bappa ya ƙare mini kallo. Ni kuma ina jan carbi, har da lumshe ido.

Ana cikin haka sai ga ɗan doka a kan keke, ashe faci ya hana shi zuwa da safe. Tun daga nesa ya ɗaga murya: "Ina ɓarawon gishirin nan? Kai, randa biyu bai cika ba! Saura kwana huɗu fa, kar ka ce alƙali ya manta!"

Kowa ya juyo yana kallona. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Goggo ta zo ta ɗauke ƙwaryarta daga gabana, ko rabi ban sha ba.

Sai Bappa ya yi gyaran murya. "Ni tun ran Talatar da aka kai ka gaban alƙali na sani," in ji shi. "Gishirin yana ɗakin Innar Dija, har mun ci rabi. Na zo ne in ji ko za ka faɗa da bakinka. Sata, alƙali ya hukunta. Wannan na biyun fa, wa zai hukunta?" Na cusa carbin a aljihu. Ya ce, "Ka gama kwana huɗun alƙali, ka ƙara arba'in nawa. Ba ɗan doka, ba carbi, ba kindirmo. In randa ya cika, mu yi maganar Dija."

Na yi su cur, kowa yana kirana Modibbo Gishiri, kuma sunan ya bi ni har tsufa. Yau ba jiragen, ba alƙalin, ba Bappa, famfo ma ya kori randunan. Abin da na koya shi ne, in an yi maka sassauci ka karɓi kunyarka hannu bibbiyu, kada ka naɗa mata rawani. Dija kuwa har gobe in na ce miya ba gishiri, ko ɗago kai ba ta yi, sai ta ce, "To tashi mana, ai ka san hanyar sito."