Jawabina a Bakin Tabki

Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, shekarar da masu ɗaukar silima suka zo Madarumfa. Shugabansu na neman wanda zai fito a matsayin mai ilimi, ya yi wa masunta jawabi. Ban ko tambayi labarin ba, na ce ga ni.

Na sa tufafin Nasara, na tsaya bakin tabki ina ta zuba Faransanci.

"Mushe malam, ƙara ɗaga hannu!" in ji shugaban. Na ƙara.

Ranar nunawa har surukina na gayyato daga Gabi. Sai ga fuskata ta cika allo, bakina na motsi, amma an cire muryata an sa kukan kwaɗi. Surukina ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

Na gaji wallahi. Har yau in na yi sallama a kasuwa, sai wani ya tambaye ni ko damina ta kusa.