Yadda Za Ki Sa Kawu Mai Ƙwai Ya Taka Totur

'Yar'uwa, in dai kina da ɗan'uwa mai mota wanda in ya rage miki hanya sai kin gwammace da ƙafa kika tafi, to share hawayenki, kin zo inda ake raba magani. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni na ɗaukar miki alkawari allurar malejinsa sai ta motsa. Ban ce za ta yi nisa ba, na dai ce za ta motsa.

Kada ki tambaye ni takardar shaida. Ni tela ce, ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma shekara goma sha biyu ina zama a kujerar bayan motar Kawunmu ina taka totur ɗin da babu shi, har ƙafata ta dama ta fi ta hagu kauri. Kuma dabarun nan an gwada su a kan mutum mai rai: ƙanwata Auta, ranar da aka kira ta intabiyu bayan shekara uku tana yawo da fayil. Wasiƙar ta ce ƙarfe goma daidai ake rufe ƙofa, wanda ya zo goma da minti ɗaya ya koma gida ya gaida mutanensu. Tsakaninmu da garin da za a yi intabiyun kilomita ɗari ne, a kan babbar hanya mai layi uku, sumul, ko rami ɗaya babu.

Mataki na 1: Ki san wanda kike hulɗa da shi

Kawu yayan mahaifiyarmu ne. Shekara talatin ya yi yana jigilar ƙwai daga gidan gona zuwa shaguna, kiret a kan kiret, kuma a faɗarsa ko ɗaya bai taɓa fashewa a hannunsa ba. Ya ajiye aikin, ya sayar da a-kori-kurar, ya sayi 'yar ƙaramar mota ruwan toka, amma har yau ba wanda ya sanar da ƙafarsa cewa an sauke ƙwan. Hamsin yake tafiya. A cikin gari hamsin ɗin ma tana masa yawa, a babbar hanya kuwa ita ce iyakar duniya.

Motar tana da dokoki uku, ki haddace su. Ba a kunna rediyo. Wayarsa a kashe take cikin aljihun mota sai an isa. Ta uku kuma, wadda ta fi kowace, ba mai taɓa komai a gaban motar. Ɗansa na cikinsa ya taɓa juya madubi don ya duba gemunsa, Kawu ya nemi wurin juyawa ya mai da shi gida daga rabin hanya, a kan hamsin.

Mataki na 2: Kada ki ƙi tayin

Auta ta riga ta shirya shiga motar haya. Mama ce ta ji, ta dafe ƙirji.

"Ga ɗan'uwana da mota, 'yata ta je ta matsu da mutane a ranar da za ta nemi aiki? A ce me?"

Kafin Auta ta buɗe baki an kira Kawu, ya ce da sunan Allah, ƙarfe bakwai yana ƙofar gida. Idan aka kai nan, ki yi murmushi ki ce kin gode. Ƙin motar Kawu ba magana ce ta kwana ɗaya ba, jikokinki ma sai sun ji labarinta. Ni kuma aka ce in raka ta in riƙe mata fayil, na shiga baya a matsayin mai ba da shawara.

Mataki na 3: Ki haɗiye rabin awar farko

Bakwai daidai ya iso, wannan kam ba a raba shi da ita. Sai dai isowa daban, tashi daban. Ya buɗe gaban mota ya duba mai, ya duba ruwa, ya zagaya tayoyi huɗu yana danna kowace da babban yatsa kamar mai sayen kankana. Ya goge gilashi ciki da waje. Ya sa bel, ya duba na Auta, ya waiwayo ya duba nawa. Sannan ya faɗi abin da yake faɗa wa duk wanda ya ɗauka:

"Kaya sun zauna?"

Ki amsa da "sun zauna, Kawu." Ke ce kayan. Bakwai da rabi muka bar ƙofar gida, Auta tana gaba ta ɗora hannu a gwiwa.

Mataki na 4: Ki guji lissafi

Wata mai shisshigi za ta ce miki kilomita ɗari a kan hamsin awa biyu ce, ke nan tara da rabi kuna can, har da sauran lokacin gyara ɗankwali. Ki toshe kunnenki. Lissafi yana kwantar da hankali, mu kuwa ba kwanciyar hankali muka fito nema ba. Abin da za ki yi shi ne ki riƙa duba wayarki duk bayan minti biyu, kina kallon motocin da ke wuce ku, kina sakin ajiyar zuciya mai sauti.

Mataki na 5: Ki fara da habaici

Kawu ya kama layin gefe, ya rungume sitiyari da hannu biyu, haɓarsa ta kusa taɓa shi. Bas ta wuce fuu. Tanka ta wuce. Wata tirela cike da shanu ta zo ta jera da mu, wata saniya ta leƙo ta ƙare wa Auta kallo, su ma suka yi gaba.

"Kawu," in ji Auta, muryarta kamar ta mai roƙon gishiri, "wannan tirelar ba ita muka bari tana lodi a bakin gari ba?"

"Ita ce. Allah ya sa yana da birki."

"Allon can ya ce ana iya yin ɗari da ashirin."

"Ana iya yi ya ce, 'yar nan, bai ce dole ba."

Na sa baki daga baya, na ce ai motar ma tana son a riƙa buɗe mata wuta lokaci-lokaci, haka na ji wani bakanike ya ce. Kawu ya dube ni ta madubi.

"Shi bakaniken da me yake ci in motoci ba su lalace ba?"

Abin lura a nan: kada ki kuskura ki ja shi da karin magana. Auta ta gwada, ta ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ya ce sauri ya haifi nawa. Ta ce sannu ba ta hana zuwa, amma ai a kan daɗe ba a je ba. Ya ce to ai an je ɗin. Mutumin da ya yi shekara talatin shi kaɗai a mota ba rediyo, karin magana ya yi ta tarawa, ba ki da abin da za ki kayar da shi.

Mataki na 6: Ki gyara masa lokaci

Nan ne gwanintar take, kuma ba don yabon kai ba, dabarar tawa ce. Takwas da rabi muka tsaya gidan mai, daidai rabin hanya. Kawu ya fita ya tsaya kan mai faci yana gwada iskar tayoyin da ya danna awa ɗaya da ta wuce. Kawu ba ya ɗaura agogo, da na gaban motar yake aiki. Na matso na raɗa wa Auta:

"Ƙara masa awa ɗaya. In ya ga lokaci ya ƙure, da kansa zai taka."

"Yaya, dokar fa?"

"Aiki kike so ko doka?"

Ta danna ɗan maɓallin agogon da yatsa. Agogo ya koma tara da rabi. Muka gyara zama kamar waɗanda ba su taɓa laifi ba tun da aka haife su.

Mataki na 7: Ki jira sakamako

Kawu ya shigo, ya sa bel, ya tambayi kaya, ya ɗago ido ya ga agogo. Ya daɗe yana kallonsa. Na ga leɓensa yana motsi, shi yana yin lissafin da na hana ki.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Tafiyar awa ɗaya ce a gabanmu, ga shi rabin awa ya rage. Auta, aikin gama ya gama. Ban san inda lokacin nan ya shige ba."

Muka hau hanya. Na zuba wa allurar ido ina jiran ta tashi. Ta motsa kuwa, kamar yadda na yi miki alkawari. Ta sauka arba'in. Ta sauka talatin da biyar.

"Tunda an riga an makara," in ji shi, "babu amfanin mu wahalar da kanmu."

Auta ta waiwayo ta yi min wani kallo da har yau in na tuna sai na ji sanyi a bayana. Ta ɗaga wayarta ta ce, "Kawu, ni fa tawa tara saura take nunawa." Ko kallon wayar bai yi ba. Ya ce agogon motarsa bai taɓa yi masa ƙarya ba ko na minti ɗaya, waɗannan na waya kuwa yau su ce kaza gobe su ce kaza. Ya ce ya san tana faɗa ne don kada ransa ya ɓaci, Allah ya yi mata albarka.

Daga nan ya sa sigina, ya gangara gefen hanya gaban wani mai shayi, ya kashe mota. Ya ce ba zai bari ta koma gida da baƙin ciki da yunwa a haɗe ba.

Mataki na 8: Idan ido ya raina fata, ki faɗi gaskiya

Ga Auta a kan benci da kofin shayi a hannu, ga wayarta tana cewa tara da minti biyar, ga kilomita kusan arba'in a gaba. In ta yi shiru aiki ya tafi. In ta yi magana asiri ya tonu cewa ta taɓa gaban mota, kuma kin ji abin da ya sami mai gemu. Ni dai a matsayina na ƙwararriya na ga ya dace in mai da hankali kan biredina.

Kawu ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ban taɓa ganin kansa ba hula a waje ba.

"Laifina ne," ya ce. "Shekara uku kina jiran ranar nan, tsoho ya zo ya ɓata miki. Za mu ƙarasa duk da haka. Ni zan sami mai gadin in roƙe shi, in ce masa ba ke ba ce, direbanki ne. Ko durƙusawa ce zan yi."

Nan Auta ta fashe da kuka, shayi yana zuba a kan takalmin da ta kwana biyu tana gogewa.

"Kawu, ni ce! Ni na taɓa agogon. Awa ɗaya na ƙara masa don ka yi sauri. Ka yafe min."

Ta yi min halacci ba ta ambaci sunana ba. Kawu dai ni ya fara kallo. Sannan ya juya ga mai shayi ya tambaye shi ƙarfe nawa. Mai shayi ya ce tara da minti bakwai. Kawu ya mai da hularsa, ya miƙe.

"Ku shiga mota."

Ba mu san gida za a yi ko gaba ba sai da muka ga ya wuce wurin juyawa bai sa sigina ba.

Mataki na 9: Ki shaida tarihi

Allura ta hau hamsin. Ta tsaya nan tana tunani. Sai ga ta a hamsin da biyar. Wallahi da idona na gani, kuma na so a ce da wani baƙo a motar, don a gida har yau ba wanda ya yarda. Gumi yana bin wuyan Kawu, bakinsa yana ta addu'a, har wata tsohuwar motar yashi muka wuce, ya ɗaga wa direban hannu yana ba shi haƙuri.

Goma saura minti huɗu muka tsaya a bakin ƙofar, mai gadi ya riga ya kama ƙyaure ɗaya. Auta ta fizgi fayil za ta fita, Kawu ya ce ta dakata. Zuciyata ta ce shi ke nan, yanzu za a yanke hukunci.

"Kin san abin da ya sa ban taɓa fasa ƙwai ba?" ya ce. "Wanda ya makara ana sayar da shi gobe. Wanda ya fashe kuwa sai tsumma. Shekara talatin ina ɗaukar na mutane, ban taɓa ɗauko mai tsadar na yau ba, kuma uwarki ce ta ba ni amana. Sauka a hankali, kada ki yi tuntuɓe."

Ta sauka tana share ido, ta shige, aka rufe ƙofa a bayanta. Kawu ya ciro biro ya danna maɓallin agogo ya mai da shi daidai, sannan ya ce da ni, ba tare da ya waiwayo ba, in dawo gaba in zauna inda zai riƙa ganin hannuwana.

Mataki na 10: Ki ci moriyar nasararki

An ɗauki Auta aiki. Da Kawu ya ji, ya ce tunda motarsa ce ta kawo sa'a, shi zai riƙa kai ta duk ranar Litinin. Ƙarfe shida yake zuwa yanzu, saboda abin da ya kira gangancin ranar nan, kuma ya koma arba'in da biyar don ya rama. Maɓallin agogon ya manne shi da salatif. Auta ta ce ta daina duba waya, barcinta take yi har su isa, in ya tambayi kaya ta ce sun zauna.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko saukar allura, ko kiran taron dangi, ko mai da ke gida daga rabin hanya. Dabara ta rage ga mai shiga rijiya. In an tambaye ki wa ya koya miki, ba ki san ni ba. In kuma Kawu ne da kansa ya tambaya, ki ce masa ina shago ina ɗinki, kuma keken ma a hankali nake taka shi.