Yadda Za Ka Auno Ƙasar Mambila Daga Ƙofar Ruwa

Tunda soja suka koma bariki, Turawan binciken daji suka dawo, kowane ofis sai neman masani yake. To, idan an ce ka hau tsaunin Mambila ka auno ruwa da sinadarin kabon da ƙasa ke riƙewa a gindin bishiyoyin turaren da aka dasa, alhali kai ko Dala ka hau jiri ke ɗibarka, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan. Aikinka ba zai suɓuce ba, har ƙarin girma za ka samu. Ni na gwada.

1. Amsa da ƙarfi.
Da shugabanmu Alhaji Mailafiya ya ce, "Malam Isiyaku, za ka iya hawan nan kuwa?" cewa na yi, "Ranka ya daɗe, ai ni a kan dutse aka yanke mini cibi." Sa babbar riga ranar, tana rufe rawar gwiwa.

2. Yi sallama da unguwa.
Nemi gafarar kowa, rataya jaka, fita ta Ƙofar Ruwa ana yi maka addu'a. Sai ka zagayo ta lungu ka shige ɗaka. Kwana goma, ko tari za ka yi, cusa kanka cikin matashi.

3. Ɗebi ƙasa.
Ƙasa dai ƙasa ce, duk Mai Sama ya shimfiɗa ta. Tona bayan ɗaki, nesa da turken awaki in za ka iya. Ni ban iya ba, gidan namu ƙarami ne.

4. Zuba kabon.
Masana sun ce kabon ɗan'uwan gawayi ne, ganye da saiwa ke tara shi cikin ƙasa shekara da shekaru. Kai ba ka da shekaru, amma kana da turmi. Ina cikin daka matata Mero ta leƙo.
"Malam, gawayin girkin nawa kake dakawa?"
"Aikin gwamnati ne."
"To, yau gwamnati ta ba ka tuwo."
Haƙuri za ka yi, ilimi ba ya samuwa da cikakken ciki.

5. Zuba ruwa.
An ce bishiyar turare shan ruwa gare ta, ƙasar gindinta ba ta cika laima ba. Don haka moɗa ɗaya ta isa. Ni uku na zuba, don ban gaji rowa ba.

6. Kai wa mai awo.
Malam Ashafa na ɗakin gwaji ya zazzage jakata, ya tsinto ƙwallon goruba.
"Ikon Allah! Goruba har kan Mambila?"
"Tsuntsu ne ya kai ta."
Ya dube ni, ya dubi ƙwallon, ya jefa shi aljihu. Zaure ɗaya iyayenmu suka yi karatu, ba zai tona mini asiri ba. Na ji daɗi ƙwarai a lokacin, don wauta ba ta da magani.

7. Karɓi sakamako.
Bayan sati biyu Alhaji ya rungume ni a gaban ma'aikata.
"Isiyaku, Turawa sun ce ba su taɓa ganin ƙasa mai ruwa da kabon irin wannan ba! Suna son ganin wurin da idonsu. Kai za ka kai su, kuma an ba ka shugabancin tashar binciken da ke can, shekara uku."
Yi murmushi, ka ce alhamdulillahi. Kuka sai ka shiga banɗaki.

Gargaɗi: duk abin da ya sami mai bin shawarar nan, shi ya jiyo, babu hannuna babu ƙafata. Turawa na nan suna ta haƙa, ni kuma kullum ina nuna musu gaba kaɗan. Wanda yake da ƙorafi ya hawo ya same ni. A kwance na zo cikin mota, ido rufe, ina salati, kuma direban ya rantse mini gangarar ta fi hawan muni. Wata takwas ke nan ban sauko ba.