Motar da na kai wa Inna guntu-guntu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗan yayana Isa a Gwaram. Ko na so in manta ma ba zai yiwu ba, domin har yanzu da sauran waɗanda suka halarta, kuma Allah ya ba su kaifin tunawa.

Lokacin ina malamin gona a Birnin Kudu, shekarun nan da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa kansa ya kwance. Masinja ya sayi rediyo mai kaset, akawu ya sayi babur, wanda ya fi akawu kuwa sai mota. Ni a ganina na fi akawu. (Aikina shi ne in nuna wa manoma yadda ake zuba takin zamani, su saurare ni cikin ladabi, in na tafi su ci gaba da yin yadda suka saba.) Ina da kekena lafiyayye, bai taɓa yi mini laifin komai ba, amma sai na wayi gari ina jin kunyar a gan ni a kansa.

Sai na ji labarin wani kamfani a Kano da ke ba ma'aikata mota bashi. Ka ba da kafin alƙalami, su shirya maka mota, daga nan a riƙa cira a albashinka duk wata. Na tattara abin da nake da shi, bai kai ba. Na hau motar haya zuwa Gwaram wurin Inna, mahaifiyata, domin na san tana da wani sa da ta daɗe tana kiwo, wanda take ba dusa da hannunta tana yi masa hira.

Na durƙusa na yi mata bayani irin na 'yan boko. "Ba gaba ɗaya ake yi ba, Inna. Kaɗan-kaɗan ake yi, wata-wata, har a gama."

Ba ta ja magana ba. Ranar kasuwa aka ja san, ta ƙulle kuɗin a gefen zane ta kwance mini. Amma sai ta ƙara da wata magana, kuma a gaban matan gida da na maƙwabta ta yi ta. Tana da yaya a Kiyako, Iya Tasalla, wadda ta goya ta suna ƙanana. Iya ta tsufa, idonta ya fara hazo, kullum tana aiko saƙo cewa ƙanwarta ta je ta gan ta. Inna ta ce, "Ku shaida, na gama hawa bayan a-kori-kura tare da buhuna da awaki. Ba zan taka Kiyako ba sai a motar Auta." Matan suka yi guɗa. Ni kuma, da yake ni ne Autan, na sunkuyar da kai irin na ɗa mai albarka, ina jin daɗi har cikin ƙashina.

A Kano na biya, aka nuna mini motar, 'yar ƙarama shuɗiya. Na shiga na zauna, na murza sitiyari, na danna hon har sai da maigadi ya leƙo. Na tambayi gudunta, na tambayi ko rediyonta na kama tashoshin waje. Abu ɗaya ne ban tambaya ba: nawa za a riƙa cira. Sai da na koma sa hannu akawun kamfanin ya juyo mini takardar. Na duba abin da zai rage a albashina, na ga zai sayi kananzir ko gishiri, amma ba duka biyun ba. Ga inshora, ga mai, ga kuma direba, tunda a lokacin ne na tuna ban iya tuƙi ba.

Na ce, "Malam, na fasa."

Akawun bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "To. Kafin alƙalami dai ba ya dawowa."

Ba zan faɗa maka irin roƙon da na yi a ofishin manaja ba, domin ina da jikoki. Ka dai sani na ambaci san Inna, na ambaci maraici, alhali lokacin da Baba ya rasu har na fara gemu. Daga ƙarshe mutumin ya gaji da ni, ya ce kuɗi kam babu, amma in shiga shagonsu na kayan gyara in ɗauki kaya na wani abu daga ciki. Na ɗauki taya sabuwa fil da jak na ɗaga mota, da niyyar in sayar in rage asara. Daga nan ban tsaya ko'ina ba sai tasha, na ce gara in je in gaya wa Inna gaskiya tun abin yana da zafi. A mota har na shirya jawabin, da gabatarwa da kammalawa.

Na sauka a Gwaram ina gara taya, jak a hammata. Kafin in kai ƙofar gida rabin unguwa na biye da ni. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi tayar, ta dube ni, sai fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi! An fara!" Ta juya wajen matan da suka cika zaure. "Ai kaɗan-kaɗan ake yi, wata-wata. Wannan watan ƙafa aka ba shi."

Nan ne wurin da jawabina ya kamata ya shigo. Na buɗe baki, na ga yadda take shafa tayar nan kamar yadda take shafa wuyan santa, sai na ji kaina na ce, "Haka ne, Inna."

To ka ji yadda na shiga. Wata ya ƙare, aka yi albashi, na ga ba ni da fuskar zuwa gida hannu rabbana. Na tafi Kano wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota na sayo madubi, na goge shi da toka. Wata na gaba fitila. Na gaba sitiyari. Da na ga ta fara tambayar sauran ƙafafun, na ciji yatsa na ƙaro taya. Inna ta ware musu wuri a ɗakinta kusa da jeren kwanoninta, ta lulluɓe tayoyin da sabon zane don ƙura, sitiyarin kuma ta rataye shi a bango. Mata na zuwa kallo daga wasu unguwanni. In yaro ya matsa kusa ta daka masa tsawa, "Kai, kauce daga jikin motar mutane!"

Kada ka ɗauka duk Gwaram babu wanda ya san yadda ake sayen mota. Akwai su da yawa. Amma wa zai shiga ɗakin tsohuwa ya ce mata ɗanta maƙaryaci ne? Yaya Isa ya gane tun ranar farko, bai taɓa tona ni ba, kuma bai taɓa raga mini ba. Duk zuwan da na yi, muna cin tuwo zai ce, ba tare da ko murmushi ba, "Auta, wai injin a wane wata yake? Ka sanar da ni da wuri in nemo mutane, na ji an ce da nauyi."

Abin da ke hana ni barci shi ne saƙon Kiyako. Duk wanda ya zo daga can sai ya ce, "Iya ta ce a gaishe ki, ta ce yaushe za ki zo?" Inna ta ce, "A gaya mata ta ƙara haƙuri, saura ƙafa biyu da inji." Na lallaɓa ta, na ce ta bari in ɗaukar mata shatar mota ta je ta dawo kafin tamu ta kammala. Ta ce, "Ni da na yi magana a gaban mutane? So kake a ce ban yarda da ɗana ba?" Aka yi shuka, aka yi noma, aka yi girbi, muna nan a kan ƙafa biyu.

Sai matar Yaya Isa ta haihu. Na gayyaci abokan aiki suna kamar yadda aka saba, ina ganin babu mai zuwa saboda nisa. Na manta da Malam Habu. Malam Habu malamin dabbobi ne, ofishinsa na jikin nawa, mutumin kirki ne ƙwarai, irin kirkin da ba ya iya rage murya. Ana saura 'yan kwanaki ya ɗauki hutu ya tafi Kano, ban san abin da ya kai shi ba.

An raɗa suna, an raba goro, maroƙi yana tsakiyar wasa ni, yana cewa mai mota ɗan mai mota, sai muka ji hon. Na san hon ɗin nan. Wata 'yar ƙaramar mota shuɗiya ta shawo kwana ta tsaya daidai tabarmar dattawa, Malam Habu ya fito yana gyara babbar riga. Labari ya shiga cikin gida kafin ya gama rufe ƙofa. Sai ga Inna ta fito har waje, abin da ba ta saba yi ba, mata na leƙe ta bayanta. Na taɓa gaya mata launin motar, kuma ba ta manta ba.

"Auta, an haɗa ta ne? To da waɗanne ƙafafun, ga namu a ɗaki?"

Na yi wa Malam Habu ido. Na yi masa tari. Ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗago mini hannu, sannan ya durƙusa gaban Inna.

"Barka da arziki, Inna, Allah ya raya. Ai wannan albarkacin ɗanki na same ta. Tun da ya fasa take ajiye, babu wanda ya so launin. Da na je suka ce, ga wadda mutumin ofishinku ya gudu ya bari."

"Ya fasa," in ji Inna.

"Tun da rani ai."

"Kai ka gama biyan taka ke nan?"

"Ina! Ko biyan farko ban yi ba, Inna. Kaɗan-kaɗan ake yi, wata-wata."

"Kuma suka ba ka ita duka."

"Duka mana," in ji shi, yana dariya. "Da guntu-guntu za su ba ni?"

Shi kaɗai ya yi dariyar. Maroƙi ya sauke hannu. Dattawa suka shiga duba goron da ke hannunsu kamar ba su taɓa ganin goro ba. Yaya Isa ya ɗaga kai yana kallon sama. Ni kuwa ina tsaye da sabuwar hula, ina roƙon Allah ya aiko da ko da kunama ce ta harbe ni, a samu abin da za a taru a kai.

Inna ba ta dube ni ba. Ta juya ta shiga gida. Na ɗauka kuka za ta yi, sai ga ta ta fito da mayafi da ƙullin kaya, ta bar taron sunan jikanta a baya.

"Malam, ka san hanyar Kiyako?"

"Na sani, Inna."

"Isa, a fito da kayan nan a ba bawan Allah, ladan mai." Sai a lokacin ta waiwayo. "Kai kuma shiga."

A gaban duk jama'a aka riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya: madubi, fitila, jak, sitiyari. Malam Habu yana karɓa yana juyawa, yana kallona, ya fara fahimta, kuma a karon farko a rayuwarsa ya yi shiru. But ɗin motar, wurin zuba kaya na baya, ya cika da taya ɗaya da tarkacen. Inna ta zauna a gaba. Ni na zauna a baya, ɗaya tayar a kan cinyata. Haka muka ratsa Gwaram, mutane na ɗago mana hannu.

A Kiyako aka riƙo hannun Iya Tasalla aka fito da ita, domin idon ya riga ya rufe. 'Yan'uwan suka rungume juna suka daɗe. Sannan Iya ta ce a kai ta wurin motar. Ta shafa ƙofa, ta shafa gilashi, tana sa mini albarka.

"Wane launi ce?"

"Shuɗiya, Iya," na ce.

"Allah sarki. Da kun zo kafin damina da na gan ta, na gan ku. Amma ba komai, tunda Auta ya yi mota."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na dubi Inna, ina fatan ta bar maganar a haka, ko don tsohuwar. Inna ta share ido da gefen mayafi.

"Ba tasa ba ce, Yaya," ta ce. "Tasa taya ce. Miƙo mata ta shafa."

Na miƙa. Iya ta shafa ta sosai, ta ce mai kyau ce.

Na yi mota daga baya, bayan shekaru, kuma kuɗi hannu na saya. Abin da na koya dai shi ne, in za ka ji kunya, ka ji ta rana ɗaya ka huta. Ni na ce zan biya tawa kaɗan-kaɗan, kuma kuɗin ruwan da ya hau kai ba daga aljihuna kaɗai aka cire shi ba.