Rasuwar Goggo, Sabar Ɗakin Ƙarshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu da suka gaji da kallon allo, mai kula da na'urorin wannan ofis yake sanar da abokan aiki rasuwar Goggo, tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗakin ƙarshe kusa da matakala, wadda duk aikin gidan nan yake cikinta.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha zafi lokacin da na'urar sanyaya ɗaki ta lalace, ta sha shayin da wani ya kifar mata a ka, ba ta taɓa cewa komai ba sai "huuum" ɗin fankarta. Wayoyin sadarwa biyu ne a bayanta, an ɗaure su suna aiki kamar ɗaya. In wannan ta yanke, waccan ta ɗauki kaya, ba wanda ya sani.

Lafiyarta ƙalau umarni ya zo daga sama cewa a sabunta mata manhaja. Da ta farfaɗo, ashe sabuwar manhajar ta raɗa wa ƙofofin da ake soka wayoyin sababbin sunaye. Goggo kuwa tsofaffin take kira, ba mai amsawa. Mai jinyarta, wato mai wannan sanarwa, ya gyara sunayen, waya ɗaya ta kama, ɗaya ta ƙi. Ya sauya waya, ya sauya ƙofa, ya durƙusa a bayanta har gwiwar wandonsa ta koɗe. Da ya yi ƙoƙarin mayar da ita kan tsohuwar manhaja, sai ta ce "tit, tit," fitilarta ta koma ja. Shi ke nan. An ceto yawancin takardunta, ban da na makon jiya.

Ta rasu ta bar firinta mai cin takarda, da batirin ajiya da ba ya riƙe wuta, da manaja wanda har yanzu yake tambaya ko an gwada kashewa a kunna. Ta kuma bar mai jinyarta, wanda matarsa ta daina ɗumama masa abinci, autarsa kuma ta tambayi uwarta ko Baba ya koma ofis da zama ne.

Za a kwance gawar ranar Litinin da safe, a sauke ta sito, tsakanin karyayyun kujeru. Ana neman mutum biyu masu lafiyar baya, don tana da nauyi. Kada a turo ta'aziyya ta imel, ba za ta iso ba. Mai makoki ya kashe wayarsa, ya tafi gida ya kwanta.