Ranar da Na Zaga Kasuwar Makka Ina Neman Rum

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na sha ƙoƙarin hakan, da safiyar da na bi shagunan Sukus Sagir ɗaya bayan ɗaya, da takarda a hannuna, ina neman abin da a iya sanina babu wanda ya taɓa nemansa a kasuwar Makka da rana tsaka.

Lokacin ba a fara rushe-rushen faɗaɗa Harami ba. Ni kuwa ban daɗe da gama ma'ahad ba, wato makarantar Larabci, ina zaune a gidanmu a unguwar Misfala, takardar shaida tana cikin akwati, aiki babu. Abin da nake ɗan taƙama da shi a kan tsarana shi ne Turanci, wanda na yi shekara huɗu ina koya a wata makaranta a Sudan kafin mahaifinmu ya ƙaraso da mu Makka. Sai dai Turancin nawa na littafi ne. Idan aka rubuta mini ina ganewa, idan aka faɗa da baki sai in kama rabi in cike rabi da kyakkyawan zato.

Wata rana Ammi Siraj (ammi shi ne baffa da Larabci) ya aiko kirana. Muɗawwifi ne, wato mai saukar da alhazai yana yi musu jagora, sana'ar da ya gada daga mahaifinsa. Ya ce mini an kawo masa wani baƙo daga wani tsibiri da ake kira Tirinidad, can hayin teku kusa da Amurka. Ba ya jin Larabci sai na salla, kuma kwanansa huɗu ke nan ba abin da ke shiga cikinsa sai shayi da busasshen burodi. An kai masa shinkafa da naman rago ya ture, an kai masa ful, dafaffen waken Larabawa, ya shinshina ya ajiye. Saura kwana goma a hau Arfa, ga zafi, ga mutumin ya manyanta.

"Ya waladi, ɗana, ka fita da shi ka zaga da shi gari," in ji Ammi Siraj. "Idan ka sa ya ci abinci, kai ne tafintana na bana da na baɗi. Idan ya faɗi a hannuna, ni da kai duk mun huta."

Ban samu natsuwa ba sai da na cika shafi shida na ɗan littafina da tarihin da zan ba shi (da Turanci, da ƙamus a gefe). Washegari da hantsi na je na ɗauke shi. Sunansa Yusuf, mu kuwa a Makka kowa Alhaji ne tun daga ranar da ya sauka Jidda, don haka Alhaji Yusuf na kira shi. Dogo ne baƙi, da furfura a gemu, da za ka gan shi a Misfala sai ka gaishe shi da Hausa. Ya daɗe yana dahuwa a jiragen ruwa, a can ma ya musulunta.

Muka fara tafiya a ƙasa. Na nuna masa ganuwar Turkawa da ke kan dutsen Ajyad, na ce an ce an gina ta ne don tsaron gari, ko da yake ban tabbatar da shekarar ba. Na nuna masa masu ɗaukar ruwa da garwa biyu a sanda, na ce ruwan daga tsohuwar magudanar da ta taso daga bayan Arfa yake zuwa, a bisa abin da malamanmu suka faɗa, amma Allah ne mafi sani. Na kai shi tsohon tafkin da ke ƙasan Misfala, na ba shi ruwaya biyu a kan asalin sunansa, sannan na gaya masa ni ban goyi bayan ko ɗaya ba. Shi dai yana gyaɗa kai yana share gumi. Na saya masa mutabbak mai zafi, wata wainar fulawa da ƙwai da nama, ya ɗan gutsura don kada in ji kunya, ya miƙo mini sauran.

Gaskiyar magana, da gangan na riƙa kauce wa lungunanmu na Takari. Ina ganin mutumin da ya ga biranen duniya ba a kai shi inda ake suya a ƙofar gida da tunkiya ɗaure a gefe. Amma da rana ta take, hanyar da ta fi inuwa ita ce wadda ta bi ta ƙofar Gwaggo Habi, ƙanwar mahaifina, wadda ke suyar ƙosai tun kafin mu zo garin. Na ƙara sauri don mu wuce. Sai na waiga na ga ba ya bayana. Yana tsaye a kan kaskonta, yana nuna shi da yatsa, yana cewa "akara".

Gwaggo ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce ai alhazan Yarabawa ma haka suke kiransa, ta tambaye ni ko Bayarabe ne. Na ce a'a, daga hayin teku yake. Ta ce ko ma daga ina yake, yunwa ce a fuskarsa, in daina tsayuwa kamar sanda in jawo masa tabarma.

Ya ci ƙosai tara. Na ƙirga, domin ina so in kai wa Ammi Siraj rahoton da ba ƙari a ciki. Ya ce kakarsa tana soya irinsa, sai dai su da busasshen kifi mai gishiri suke yi. Gwaggo ta shiga ciki ta fito da tuwon dawa da miyar kuɓewa, ya ga miyar tana yauƙi sai ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce su ma suna da irinta, da ganye da kuɓewa da madarar kwakwa. Gwaggo ta ce kwakwa a miya ɓarna ce, amma in gaya masa ta yafe musu tun da ba su sani ba. (Ban fassara wannan ba.) Ya tambaye ni ko yana yiwuwa kakanninsa mutanenmu ne. Na ce yana yiwuwa, kuma yana yiwuwa ba haka ba ne. Gwaggo da na gaya mata tambayar sai ta ce wanda ya ci tuwo haka da hannu ba sai an bincika ba.

Sannan ta kawo zoɓo mai sanyi daga tulu. Ya kurɓa ya rufe ido. Ya ce wannan shi ne abin shan ƙarshen shekara a tsibirinsu, ana dafa shi da citta da kanumfari, kuma akwai wani abu da mutanen can ke ƙarawa, wanda ake yi da rake, wanda in an zuba sai ka ga kowa ya sake yana murna. Ya ƙara wata magana da sauri yana girgiza kai, wadda ban kama ba. Sunan abin ma ban kama ba, na ji kamar "ram", na ji kamar "rom". Don haka na yi abin da nake ganin kowane mai hankali zai yi, na miƙa masa littafina na ce ya rubuta. Ya rubuta baƙaƙe uku.

Na duba na karanta: Rum.

To a nan ne ilimina ya yi mini aiki. Wa bai san Rum ba? Sura guda ce a Alƙur'ani. Kuma a kasuwar Makka akwai cukun Rum, akwai barkonon Rum, talo-talo ma zakaran Rum ake ce masa. Nan take na gane (haka na gaya wa kaina) cewa wani zuma ne ko ruwan sukari mai ƙamshi da ake kawowa daga ƙasar Rum. Ni da ke sa "wataƙila" a gaban sunan tafkin unguwarmu, ban sa ta a nan ba. Na ƙudura cewa zan ba baƙon nan mamaki: gobe zai sha zoɓo irin na gidansu a tsakiyar Misfala, Ammi Siraj kuma zai san wanda ya ɗauka aiki.

Da safe na shiga Sukus Sagir, kasuwar da ke tsakaninmu da Harami. Na fara da masu kayan ƙamshi. A kowane shago sai in yi sallama, in ce ina neman Rum na sha, wanda ake zubawa a karkade, wato zoɓo. Don a ɗauke ni da muhimmanci kuma, sai in ƙara da cewa na gidan Ammi Siraj ne, za a ba alhajinsa. Na farko ya ce bai sani ba. Na biyu ya miƙo mini ruwan wardi. Na uku ya tambaye ni amfaninsa, na ce yana sa jiki ya saki, mutum ya yi ta murna. Haka na yi ta yi har shago bakwai, kowanne na bar masa sunan Ammi Siraj, na ce idan ya samu ya aika gidan.

Na takwas wani tsoho ne mutumin Aden, Ammi Ubaid, wanda ya yi shekaru yana zuba gawayi a jiragen Ingilishi kafin ya zauna a Makka. Da na faɗi buƙatata sai ya ajiye ma'aunin da ke hannunsa, ya dubi dama da hagu, ya tambaye ni shago nawa na shiga kafin nasa. Na buɗe littafina na karanta masa sunayensu. Ya rufe shagonsa, ya kama hannuna kamar wanda zai gudu, muka nufi gidan Ammi Siraj.

Muka tarar da shi a zaure da baƙi wajen shida, har da malamin da ya koya mini nahawu a ma'ahad. Kafin Ammi Ubaid ya buɗe baki, ni da kaina na fara bayani, don kada wani ya karɓe mini ladan ƙoƙarina. Na ce baƙo ya ci ya ƙoshi, saura Rum kawai, kuma na sanar da duk kasuwa cewa gidan nan yana nema.

Ammi Ubaid ya sunkuya ya yi masa raɗa. Na ga fuskar Ammi Siraj ta canza. Ya dube ni, ya yi magana a hankali, wanda ya fi tsawa zafi.

"Ya waladi, giya ce. Barasa ce ta matuƙa jirgi. Ka gaya wa kasuwar Makka cewa ni, ana saura kwana takwas Arfa, ina neman barasa in shayar da alhaji."

Malamin nahawu ya duƙar da kai yana kallon carbinsa. Ni kuwa abin da ya fito daga bakina, Allah ya yafe mini, shi ne: "Amma da harafin wawu ake rubuta ta, kamar ta cikin sura."

Abin ba na dariya ba ne a lokacin. Akwai masu zagaya kasuwa da tsumagiya, kuma magana irin wannan idan ta kai inda za ta kai, izinin da Ammi Siraj ya gada yana iya tafiya, ni kuma bayana ya gaya mini. Aka aika a kira Alhaji Yusuf daga ɗakinsa a saman bene. Abin takaici, ba wani tafinta a gidan sai ni, don haka ni na tsaya a tsakiya na fassara masa laifina da bakina, jimla bayan jimla.

Sai ya zauna a ƙasa ya kama ciki don dariya. Da ya samu numfashi ya ce maganar da ya yi jiya yana girgiza kai ita ce shekararsa ashirin rabonsa da abin, tun ranar da ya yi kalmar shahada. Ya ce ya bar ta a tsibirinsu, ya bar ta a jirgi, ya yi tafiyar wata biyu ya zo ɗakin Allah, sai ga wani malami yana yawo a rana yana nemo masa ita. Na fassara wannan ma, kalma ba ta faɗi ba. Ammi Ubaid ne ya fara fashewa, sai malamin nahawu, sai sauran. Ammi Siraj bai yi dariya ba.

Hukuncin da ya yanke shi ne in koma shagunan nan bakwai a ƙafa, kafin la'asar, in warware abin da na ƙulla. Alhaji Yusuf ya ce zai raka ni. Muka biya ta gidan Gwaggo, na gaya mata a taƙaice, ta ce ita dama ta san karatun nan zai kai ni wani wuri, ta cika mana buta da zoɓo mai citta da kanumfari. A kowane shago sai in tsaya in ce ni ne na safe, abin da na nema ban san haramun ba ne, gidan Ammi Siraj ba shi da hannu. Alhaji Yusuf kuma sai ya tsiyaya wa mai shagon zoɓo ya ce "halal", da Larabcinsa na salla. Mai shago na uku ya ce shi tun da na ce yana sa murna ya yi zargi, ya sha kofi biyu, ya tambayi inda ake sayarwa.

Kafin mu gama, Alhaji Yusuf ya san kasuwar fiye da yadda shafukana shida suka sanar da shi, kuma a hanyar komawa ya tsaya ya ci tsire. Ya hau Arfa da ƙafarsa, ya sauko da ƙafarsa. Bayan alhazai sun watse Ammi Siraj ya kira ni ya ce aikin nawa ne, domin a cewarsa ya ga tafintoci da yawa, amma bai taɓa ganin wanda ya fassara tonon asirin kansa daidai ba. Shekara goma sha ɗaya na yi masa aiki. A Sukus Sagir kuwa, har aka rushe shagunan, sunana Rumi.

Tun daga ranar, duk alhajin da ya faɗa mini sunan wani abin ci ko sha na ƙasarsu, ba na buɗe ƙamus, ba na cewa ya rubuta. Tambaya ɗaya nake yi masa kafin in taka ƙafa kasuwa: a garinku, liman yana sha a gaban mutane?